Takardun Hayaƙin da Inna Ta Turara

Tun da na dawo daga Inugu bakina bai huta ba. A wurin aiki tambaya, a gidan suna tambaya, har a layin famfo sai wata ta dafa ni ta ce, "Gaji, wai da gaske ne har kare suke ci?" Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Wadda ta sake tambaya sai in miƙa mata takarda in ci gaba da harkata.

Gaji ba sunana na yanka ba ne, haka ake kiran auta a gidanmu da ke unguwar Birni a Damagaram. Aikina a labo ne, wato ɗakin gwaje-gwaje, ni ke haɗa wa ɗalibai kayan gwaji na ilimin sinadarai. Mahaifiyata kuwa, Inna, sana'arta suyar gyaɗa, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Tana da ɗakin suya a bayan gida da mata 'yan uwa da ke taya ta. Da wannan ɗaki ta yi mana karatu, kuma shi ne dalilin tafiyata.

Da itace take suya tun muna yara, irin wanda ake kawowa a amalanke daga wajen Gafati. Da itace ya yi wuya, sai ƙanenta Kawu Mamman, direban babbar mota mai zuwa arewa, ya fara kawo mata gawayin ƙasa, wanda 'yan Najeriya ke ce wa kwal. Akwai gasasshe da ake sayarwa don girki, an riga an ƙone masa kwaltarsa. Na Kawu ɗanye ne, yadda aka haƙo shi. Wuta kam yana da ita, Inna har albarka take sa masa. Amma ba a daɗe ba rufin kwanon ɗakin ya yi baƙi, wani abu mai danƙo ya fara ɗigowa, ita kuma ta kama tarin da ba ya jin magani. Na yi magana har na gaji.

"Hayaƙi hayaƙi ne," in ji ta. "Tun ba a haife ki ba nake shaƙarsa. In kin ce wannan daban yake, nuna mini da ido."

To, da ido ɗin ne ba ni da shi. Sai Allah ya sa na samu sitaj, wato horon aiki, a wani labo na Inugu inda aikinsu ke nan, binciken kwaltar kwal. Kafin in tashi na rataya fararen takardun tace hayaƙi a ɗakin suya: wasu ranar da aka hura itace, wasu ranar gasasshen gawayi, wasu ranar ɗanye. Na ware wata takarda da ba ta shiga ɗakin ba ko sau ɗaya, ita ce shaida, wadda ya kamata ta fito fes a gwaji. Kowace na naɗe ta da takardar alminiyom, na rubuta mata suna, na jera su a gwangwani na sa a ƙasan jaka.

Ana gobe zan tafi na fita sallama da dangi. Da na dawo na tarar Inna ta yi abin da kowace uwa a Damagaram ke yi wa matafiyiya: ta kifa kwando a kan kaskon turaren wuta, ta turara mini kaya kaf, ta ninke ta mayar. Ta ƙara da kwalbar turaren da ta haɗa da hannunta, ta ce in kai wa malamata, da alkaki da ƙuli-ƙuli na guzuri. Na ji daɗi har na yi ƙwalla.

Kawu Mamman ne ya raka ni Kano. Muka bi ta Takeita muka karya kudu. Duk hanya zancensa ɗaya, wai boko ta sa ni raina gawayin da Allah ya ajiye mana a ƙasa. Na ce masa ba gawayin na raina ba, tarin yayarsa ne ya dame ni. Sai ya saya mini dafaffen ƙwai a Matamai, wanda a wurinsa shi ne ban haƙuri.

A kan iyaka aka sauke mu don duba kaya. Wani jami'in duwan, wato kwastan, dattijo mai furfura a gemu, ya zaro gwangwanina ya buɗe, ya warware takarda ɗaya ya kai hanci.

"Hajiya, turare kike fatauci?"

Na ce masa hayaƙin gawayin ƙasa ne, na bincike, kuma don Allah ya rufe kada iska ta ɓata. Na ma ɗan ɗaga murya, don ni ba na son a taɓa mini kayan aiki.

Ya sake shinshinawa, ya naɗe ya miƙo mini yana murmushi. "To lalle gawayin garinku yana da ƙamshi. Allah ya kiyaye hanya."

Na ɗauka ƙamshin tufafina ne ya cika masa hanci, tunda ni kaina tafe nake kamar amarya. Ban kawo komai a raina ba.

A Kano Kawu ya damƙa ni a hannun Hajiya Balaraba, wata mai fataucin manja da ta san hanyar kudu kamar tsakar gidanta. Mace ce mai jiki da murya, kuma ba ta yarda cikin kowa ya zauna babu komai. Daga Zariya zuwa Lafiya na ci rake, na ci masara, na ci lemo, na ci wata soyayyar doya da ta ce in ban ci ba ta yi fushi. A Lafiya muka kwana gidan 'yar uwarta. Da safe na ce zan yi wanka da rabin bokiti, yadda muka saba, matar gidan ta dube ni da tausayi ta ƙaro mini biyu. Wallahi sai da na ji kamar ina aikata laifi lokacin da nake zuba ruwan nan.

Da muka hau gadar Makurɗi na leƙa na ga Binuwai, sai na kama hannun Hajiya. Ta yi ta dariya, ta gaya wa duk motar cewa ga 'yar Nijar ta ga ruwa. Wani fasinja ya tambaye ni ko gaskiya ne a raƙumi muke zuwa aiki. Na ce masa ƙwarai, nawa ma na bar shi a tasha da direba. Ya gyaɗa kai, bai gane wasa nake ba, ni kuma ban gyara masa ba.

Masaukina a Inugu ɗaki ne a gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Mama Cidi. Ba ta jin Hausa, ni kuma Turancina na Ingilishi rarrafe yake, in na matsa sai Faransanci ya fito. Amma mun fahimci juna. Ranar farko ta ga na shimfiɗa sallaya, daga nan kullum sai ta rage rediyonta in lokacin salla ya yi, ba tare da na roƙa ba. Ta kuma kai ni da kanta unguwar Hausawa ta nuna mini mahautan da zan riƙa sayen nama.

Abincinsu sai da muka yi kokawa. Akwai tuwon rogo da suke jiƙawa har ya yi tsami, warinsa ya kore ni daga ɗaki ranar farko, amma kafin in taho ni ke neman ƙari. Wanda ya sace mini zuciya shi ne okpa. Gurjiya ce fa, irin tamu, suke niƙawa su kwaɓa da manja su dafa a ganyen ayaba kamar alala. Mu da muke noma ta, iyakarmu mu dafa mu ɓare. Kare kuwa, tunda shi kuka fi tambaya, ban ga an ci ba, kuma ban bi gida-gida ina buɗe tukwane ba.

Goro ne ya fi ba ni mamaki. Mu nan ka ciro daga aljihu ka gatsa ka miƙa wa na kusa. Su sai an sa shi a faranti, an zagaya da shi kowa ya gani, babban namiji ya yi doguwar addu'a a kansa, sannan a fasa. Kuma da yajin gyaɗa ake ci, da gauta. Mutuwa ma haka. Mu kafin rana ta faɗi an kai mutum makwancinsa, su sai gawa ta yi watanni a asibiti ana shiri, ranar binnewa kuma kiɗa da abinci kamar biki. Da na gaya wa Mama Cidi yadda muke yi, ta riƙe baki, ta tambaya ko ba ma son mamatanmu ne. Ni ma abin da nake tambaya a raina game da su ke nan, sai muka yi dariya tare.

Abu ɗaya ya sa na ji kamar ina gida. Garin nan da ake ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, famfonsu a bushe yake, motar tanki suke jira da jarkoki. Na ce ashe Damagaram tana da 'yar uwa.

Shugabar labon, Dakta Nkiru, ita na fi jin tsoro kafin in gan ta. Na shiga ofishinta ina harhaɗa gaisuwar Turanci, sai ta ce, "Ke 'yar Damagaram, bar wahalar da kanki. A Sabon Garin Kano aka haife ni." Hausa a bakinta tsaf. Na ba ta turaren Inna, ta buɗe ta lumshe ido, ta ce ya tuna mata da maƙwabtansu na yarinta.

Aikin da na je koyo sunansa kuromatogarafi. Sunan ne mai nauyi, abin kansa ba shi da wuyar ganewa. Kwaltar kwal ba abu ɗaya ba ce, tarkacen abubuwa ne masu yawa a cakuɗe, kuma ba ka sanin mai cutarwa sai ka raba su. Za ka narkar da ita, ka ɗiga ɗigo a gindin wani ɗan allon gilashi da aka shafe da farin gari, ka tsayar da allon cikin ruwan narkarwa kaɗan. Ruwan yana hawa yana jan abubuwan. Wanda ba ya kama garin sosai ya yi gaba, mai danƙo ya tsaya a baya, kamar mata sun taso daga rijiya, mai ƙaramin tulu ta riga mai babba isa gida. In ka haska allon da wata fitila mai shuɗin haske a cikin duhu, sai ka ga ɗigo-ɗigo suna ƙyalli a jere, kowanne a inda ya tsaya.

In ana son a raba da yawa, sai a cika dogon bututun gilashi da garin, a zuba kwaltar a sama, a riƙa wanke ta da ruwan narkarwa daga mai sanyin hali zuwa mai ƙarfi, ana tarar abin da ya sauko kashi-kashi. Daga nan a kai wa na'ura ta zana su a allon kwamfuta kamar tsaunuka. Dakta ta ce masu nauyin cikinsu, masu tsayawa a baya, su ne masu taurin kai. Ba sa tashi su zama tururi balle a auna su ta iska, shi ya sa ake bin su ta ruwa, kuma a cikinsu ne ake samun waɗanda ke yi wa huhu illa. Bututuna na farko na cika shi da gaggawa, garin ya tsage, komai ya zubo a haɗe baƙi ƙirin. Ta ce in wanke in sake. Na sake har hannuna ya faɗa.

Sai da ta gamsu da ni sannan ta ce in kawo gwangwanina. Muka fara da takardar shaida, wadda ba ta taɓa ganin ɗakin suya ba. Muka kashe wuta muka haska. Allon da ya kamata ya fito babu komai, sai ga shi da ɗigo reras.

Dakta ta ce wataƙila ruwanmu ne ya gurɓata. Muka canja, muka sake, abu ɗaya. Ta ɗauki ragowar takardar ta kai hanci, ta dube ni, ta buɗe durowa ta ciro kwalbar Inna ta shinshina. Ta miƙo mini su biyun. Nan take maganar dattijon duwan ta faɗo mini.

Na fita waje na kira gida.

"Inna, kin buɗe gwangwanin da ke ƙasan jakata?"

"Na buɗe mana. Ke ba ki ji warin da yake yi ba? Kamar an ƙona taya. 'Yata za ta shiga cikin baƙi, a buɗe kayanta a ji wannan, a ce daga gidan wa ta fito? Ɗaya bayan ɗaya na shimfiɗa su a kwando, na mayar miki kowace a rigarta, ban haɗa su ba."

"Har da farar?"

"Ita ma. Don me zan bar ta ita kaɗai?"

Na buɗe baki in yi faɗa, sai tari ya sarƙe ta, dogo, har na ji tana neman numfashi. Na tsaya ina saurare da waya a kunne. Da ya lafa ta ce, "Na yi ɓarna ko?" Na ce mata a'a, babu komai, ta sha ruwa. Na kashe wayar na zauna a kan matakala na yi kukana. Ga nisan da na yi, ga takardun da ba ni da wasu, ga tarin nan yana jirana a gida.

Dakta Nkiru ta fito ta same ni. Da na gaya mata, ta yi dariya har da dafa bango, sannan ta zauna kusa da ni.

"Share hawayenki. Me kika zo koya a nan? Ba raba abin da ya cakuɗe ba? To ga cakuɗe uwarki ta ba ki, kuma ta haɗo ki da maganinsa ba ta sani ba."

Turaren da aka kawo mata tsaraba shi muka ƙona. Muka samo ɗan kasko a unguwar Hausawa, muka turara sababbin takardu yadda Inna ta yi, don mu san kamannin turaren shi kaɗai. Ranar labon nan ya yi ƙamshin ɗakin amarya, ma'aikata suna ta leƙowa daga wasu ofisoshi. Da muka bi da takardun ɗakin suya ta bututu, yawancin kayan turaren suka fita a kasonsu daban, 'yan kaɗan da suka biyo sahun kayan kwalta kuma mun riga mun san inda suke tsayawa. Abin da ya rage na hayaƙin ɗakin suya ne.

Muka jera su a allo ɗaya muka haska. Layin gasasshen gawayi ɗigo kaɗan, dishi-dishi. Na itace ya fi shi. Na ɗanyen gawayi kuwa tun daga ƙasa har sama ƙyalli yake, a gindinsa kuma ga wani dunƙule da ya ƙi motsawa sam. Na'ura ma abin da ta nuna ke nan.

"Gaskiya ba zan sa hannu a buga wannan a mujalla ba," in ji Dakta. "Takardun sun taɓu, lissafin ba zai fita daidai ba, sai kin sake ɗauka. Amma bambanci irin wannan turare bai isa ya kawo shi ba. Kuma uwarki ba mujalla take karantawa ba."

Ranar da zan taho ta ba ni alluna, da ruwan narkarwa a 'yar kwalba, da ƙaramar fitilar. Mama Cidi ta cika mini leda da okpa mai zafi, ta rungume ni tana magana da yarensu, ni ina amsawa da nawa. Okpar ba ta kai Kano ba, ni da Hajiya Balaraba da muka dawo tare muka gama da ita. A kan iyaka na duba ko zan ga dattijon nan in ba shi haƙuri, ba shi ke aiki ba ranar.

Ban yi wa Inna dogon bayani ba. Washegarin isowata da hantsi na tara ta da matan suya da Kawu Mamman a ɗakinta. Na ɗiga ɗigon a gabansu, muka jira ruwan ya hau, na sa aka rufe ƙofa da taga, na kunna fitila. Na nuna musu na itace, na gasasshe, na ɗanye. Inna ta matso har numfashinta yana taɓa hannuna.

"Wannan mai hasken duka, a ɗakina aka samo shi?"

"A iskar da kike shaƙa, Inna."

"Kuma wannan ita ce takardar da na turara?"

"Ita ce."

Ta daɗe tana kallo. Ashe, kamar yadda matan suka gaya mini daga baya, tun da aka fara hura gawayin nan kullum sai ta turara ɗakin suya da zannuwansu bayan an tashi, wai don ya kashe illar hayaƙin.

"Duk turaren da na yi masa," ta ce a hankali, "yana nan a ƙasa bai je ko'ina ba."

Ta sa aka buɗe ƙofa. Ta juya wurin ƙanenta ta ce, "Mamman, na gode da ɗawainiya, amma kada ka sake kawo mini ɗanye. In kana son ka taimake ni, ka nemo gasasshen, ka kuma turo mini mai gini ya fasa bangon nan iska ta shiga." Kawu ya dubi allon, ya ce to.

Yanzu an fasa bangon, ɗakin ya koma rumfa, a nan ake suya, mun kuma je likita an ba ta magani. Tarin bai tafi duka ba, amma da asuba ina jin muryarta tana lazimi ba ya katse ta, kuma wannan ya ishe ni farin ciki. Na sake rataya sababbin takardu don in aika wa Dakta. Wannan karon gwangwanin yana labo cikin kabad, na kulle. Inna ta tambaye ni inda yake, na gaya mata.

"To ki bar shi can," ta ce. "Amma miƙo farar rigar aikin nan taki, ita dai ba za ta fita gidan nan tana wari ba."

Na cire na ba ta.